Gyaran Fuskar Auta

Mai Aski bai taɓa cin wasa ko ɗaya ba a gem ɗin ƙwallo na talabijin da ke shagonsa, kuma wannan ba ƙazafi ba ne, shi da bakinsa yake faɗa. In ya riƙe hannun gem, 'yan wasansa sai su riƙa ficewa daga fili kamar an aiko kiransu daga gida. Duk da haka babu wanda masu buga gem na layin suke lallaɓawa kamarsa, domin shi ne mai yin fuska.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo, tsakanin mai sayar da kayan wuta da wani kanti da ya daɗe a rufe. Kujerar aski tana gaba, madubi ya cinye bango guda, kilifofi na rataye a ƙusa, ga kwalbar sifirit da burushin da ya fara zubar da gashi. Can ƙurya, inda da ake jingine tsintsiya, nan ƙaninsa Auta ya kafa talabijin da akwatin gem da dogon benci. Auta gyaran firij yake yi, mutum ne mai surutu da dariya, wanda ko gaisuwa ya tsaya yi sai ya saka wasa a ciki. Shi ya ce masu jiran layi suna gajiya su tafi, gem zai riƙe su. Ya kuwa riƙe su, har ya riƙe waɗanda ba su da gashin askewa.

Babbansu a wannan fanni shi ne Direba, mai sanƙo tas, wanda ke zuwa kullum da ya ajiye mota. A wurinsa ƙwallo ce kaɗai gem. Masu wasan harbe-harbe, in ji shi, mutane ne da ba su da abokai, masu bugawa a waya kuwa shafa gilashi kawai suke yi. Mai Walda ba ya musu da wannan, nasa ƙorafin a kan sababbin fitowa ne.

"Na da, in ka taɗe mutum, tashi yake ya ci gaba," yakan ce. "Na yanzu ko iska ta taɓa shi sai ya yi ta birgima yana riƙe ƙafa. Sun gyara ciyawa, sun ɓata maza."

Akwai kuma Malam, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ya yanke hukunci tun ranar farko cewa duk abin shirme ne da ɓata lokaci. Wannan bai hana shi zama a bakin benci yana gyara wa mutane tsarin 'yan baya ba.

Auta ne ya gano cewa a cikin gem ɗin akwai wurin da mutum zai ƙera ɗan wasansa, ya ba shi suna da tsawo da fuska. Ya fara da Direba. Abin da ya fito kuwa kai ne kamar dankali da aka liƙa wa ido, benci ya kwashe da dariya, Direba ya rantse sai ya fasa talabijin ɗin. Mai Aski yana tsakiyar aski a lokacin. Ya ɗago ya kalla sau ɗaya, ya ce kunnen ya yi sama. Ya sake kallo, ya ce goshin ba haka yake ba. A karo na gaba sai ya kashe kilifa, ya bar mutum da rabin aski, ya ce a ba shi abin nan.

Ashe abin da ya gagare shi a fili, a nan gida ya zo. Mutumin da ya shekara yana riƙe da kawunan jama'a ya san abin da su kansu ba su sani ba: wane kunnensa ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, wane haɓarsa ta ɗan karkata, wane gashinsa ya fara ja da baya yana ɓoyewa da hula. Sai ya riƙa jan layukan nan a hankali, na hanci, na kumatu, na tazarar ido, har Direba ya bayyana a talabijin, da sanƙonsa da hararar da yake wa fasinja. Benci ya ɓarke da ihu.

Daga nan kowa ya ce sai an saka shi. Suka kafa ƙungiya suka raɗa mata suna 'Yan Benci. Mai Aski ya kafa doka ɗaya tak: ba ya yin fuskar mutum daga hoto, ba ya yi daga tunani. Sai mutum ya zauna a kujera, an yi masa aski, yana gabansa yana taɓa kansa da yatsa.

"Hoto ƙarya yake yi," yakan ce. "Tunani kuma ya fi shi."

Shi kansa bai shiga ƙungiyar ba, ya ce wa zai riƙe masa kan. Auta kuwa shi ne na ƙarshe, saboda ba ya iya zama wuri ɗaya. Da ƙyar yayansa ya danne shi a kujera wata safiya, yana ja yana dubawa, Auta na ta ciniki a kan a ƙara masa gudu, alhali a zahiri in ya bi mota da ƙafa sai an ba shi ruwa. Aka ba shi lamba tara. Da yamma ya janyo matarsa, wadda Mai Aski bai daina kira Amarya ba ko da ta kusa haihuwa, ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe don kunyar maza. Ta ga mijinta ya fito fili yana tsalle. Ta rufe baki da mayafi.

"Yaya, har da girar nan tasa da ke ɗagewa in zai yi ƙarya," ta ce. "Wallahi wannan ya fi shi kama da shi."

Gaskiya ta faɗa, domin Auta bai taɓa tsayawa an ɗauke shi hoton kirki ba. Ko ya fito da harshe, ko ya kare da hannu, ko ya kumbura kumatu. A hoton bikinsu ma baƙin tabarau ne ya rufe rabin fuskar.

'Yarsu ba ta fara zama ba Auta ya rasu. Ya tafi gyara a wani gari, motar da ya shiga ba ta isa ba. Wayarsa ma ba a gan ta ba. Mai Aski ne ya je ya karɓo shi, kuma waɗanda suka miƙa masa gawar sun ce gara kada ya buɗe fuskar. Bai buɗe ba. Wannan abu ya zauna masa a ƙirji fiye da mutuwar kanta, bai kuma gaya wa kowa ba.

Aka jima talabijin na rufe da tawul. Ranar da Mai Walda ya yi ƙarfin hali ya kunna, babu wanda ya tuna da abin da ke ciki. 'Yan Benci suka jero a fili, kyamara tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, sai ga Auta. Ya ƙyafta ido, ya ɗan juya kai gefe, daidai wajen da kujerar aski take. Haka kowane ɗan wasa yake yi a wurin, amma ranar babu wanda ya iya tuna hakan. Direba ya ajiye hannun gem a kan benci a hankali, ya fita waje, aka ji yana fyace hanci.

Sai gardama ta tashi, irin wadda ba a ɗaga murya. Malam ya ce a cire shi, ba daidai ba ne a riƙa guje-guje da mamaci, addu'a yake buƙata. Mai Walda ya ce a bar shi a benci, ba a cire ba, ba a saka ba. Direba ya ce shi dai ba zai iya danna maɓallin gogewa ba, wanda zai iya ya zo ya danna. Duk suka juya ga Mai Aski, wanda yake ta kaɗe kilifar da ba ta da gashi.

"Lamba tara tasa ce," ya ce. Magana ta ƙare a nan.

Haka Auta ya ci gaba da buga wasa. Babu mai taɗe shi. In ƙwallo ta zo ƙafarsa, mai riƙe da ɗaya ƙungiyar sai yatsunsa su yi sanyi, 'yan baya su buɗe masa hanya. Ya ci ƙwallayen da bai taɓa mafarkin ci ba yana da rai. In ya ci, yakan ruga kusurwar fili ya buɗe hannuwa yana dariya babu sauti, shagon kuma ya yi shiru har sai an mayar da ƙwallo tsakiya. Baƙin da ba su san labarin ba sukan tambaya me ya sa ba a murna.

Auta yana da al'ada, duk ƙarshen mako yakan zo da sassafe kafin a buɗe shago, yayansa ya yi masa gyaran fuska: a daidaita layin goshi, a rage gemu, a share wuya. Bayan rasuwarsa Mai Aski ya ci gaba da zuwa a wannan lokacin, ba don komai ba sai don ƙafarsa ta saba. Ya share, ya goge madubi, ya tsaya bayan kujera babu kowa a kai. Wata safiya ya kunna gem ɗin ya buɗe wurin ƙera 'yan wasa, don ya gan shi kawai. Kan Auta yana juyawa a hankali a talabijin. Sai ya ga kamar gemun ya ɗan taru.

Ya san gashi ba ya tsirowa a cikin akwati. Ba yaro ba ne, ba kuma taɓaɓɓe ba. Amma hannun da ya saba ba ya jin wannan bayani. Ya rage gemun kaɗan, ya daidaita layin goshi. Da zai fita, akwatin ya tambaye shi ko a ɗora wannan a kan na da. Ya danna e, kamar yadda yake kaɗe tawul in ya gama da mutum. Ranar ya yini da sauƙi a zuciyarsa, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

Mako na gaba ya dawo. Da yake mai aski ba ya iya aiki yana fuskantar kai, sai ya karkata talabijin ɗin yadda hoton zai faɗo cikin madubi, daidai saman kujera, inda kan mutum yake zama. Shi kuma ya tsaya a baya, hannun gem a hannunsa maimakon kilifa, yana kallon madubi kamar kullum. Har hira yake yi masa. Yana ba shi labarin wanda ya yi aure, da firijin gidansu da ya sake lalacewa, da Amarya da ta koma gidan iyayenta da yarinyar.

Da gashi kaɗai ya tsaya, da babu abin da zai faru. Amma wata rana ya farka da tabbacin cewa haɓar Auta ta fi haka faɗi, ya ja layin kaɗan. Wata rana idon ne ya ga kamar ya yi girma. Bayan shekara ya ce da yana nan da yanzu ya ɗan yi kumatu, ai ba zai zauna yaro ba har abada. Girar nan da ke ɗagewa ma ya ga ta yi yawa, kamar ana yi wa mamaci ba'a, ya sauke ta ƙiris. Kowane gyara ƙanƙane ne, bai kai a lura ba, kuma kowanne an ɗora shi a kan na da. Dokar da ya kafa wa mutane da bakinsa, ko sau ɗaya ba ta faɗo masa a rai ba, domin a ganinsa ba daga tunani yake yi ba. Ga kai nan a madubi.

'Yan benci ba su ga komai ba. Wanda kake gani kullum ba ka ganin canzawarsa, balle ɗan wasan da ke gudu can nesa a fili. Abin da ya dame su shi ne tsufan akwatin. Sababbi sun fito, shagunan wasu layukan sun saya, samari sun fara komawa can suna cewa gem ɗin Mai Aski na mutanen da ne. Har Mai Walda, mai zagin sababbi, ya fara cewa a duba lamarin. Mai Aski ya sayo sabon ya kafa musu, amma tsohon ya bar shi a inda yake, yana lulluɓe shi da tawul mai tsabta, in wuta ta yi rawa shi yake fara cirewa daga soket.

Yarinyar ta riga ta shiga makaranta lokacin da Amarya ta zo. Da hantsi ne, shagon ba kowa sai Malam da ke gyangyaɗi a benci. Ta yi sallama, ta gaishe shi a ladabce kamar da, yarinyar na maƙale da gefen mayafinta. Sunan mahaifiyarsu Mai Aski aka saka mata, don haka Mamana yake ce mata.

"Yaya, na zo sallama ne," Amarya ta ce, idonta a ƙasa. "An ɗaura min aure. Inda za mu zauna da nisa, ban san yaushe za mu riƙa zuwa ba."

"Allah ya sanya alheri. Ai ya kamata tuntuni."

"Sai kuma wannan." Ta dafa kan yarinyar. "Ta fara tambaya. A makaranta kowa na da hoton babansa, ita sai mai tabarau da mai harshe a waje. Na ce mata akwai inda babanta yake sosai, har gudu yake yi. In ka yarda in ɗauka mata a waya."

Wani daɗi ya kama Mai Aski. Ashe duk safiyoyin nan ba a banza suka tafi ba, ajiya yake yi wa yarinyar nan. Ya yaye tawul, ya kunna, ya ɗaga ta ya zaunar a kujerar aski, ya ɗaga kujerar sama yadda za ta gani da kyau.

"Mamana, kalli nan. Ga Babanki."

Kan ya fito yana juyawa a hankali. Yarinyar ta kalla, ta kalli madubi, ta waiwayo ta kalle shi, sai ta ƙyalƙyale da dariya.

"Umma, Baffa ne ya shiga talabijin!"

Ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya ga fuskar Amarya. Wayar na hannunta a ɗage, ba ta danna ba. Ya mayar da ido madubi, wannan karon ya kalli fuskoki biyun da ke ciki tare, tasa da ta talabijin. Haɓa ɗaya. Kumatu ɗaya. Ƙananan idanun nan masu nauyi da ya gada daga mahaifinsu, alhali Auta idon mahaifiyarsu ya ɗauko. Shi da Auta ba su taɓa yin kama ba, har tsokanarsu ake yi cewa ɗaya a asibiti aka musanya shi.

"Tsaya," ya ce. "Akwai na farkon."

Ya shiga nema, ya fita nan ya shiga can, yana danna abin da bai taɓa dannawa ba. Babu na farko. Lamba tara guda ɗaya ce, ita ce wannan. Malam, da ya farka tuni, ya taso ya sa tabarau ya leƙa, ya daɗe yana kallo, bai ce shirme ba ne. Ya ja yarinyar waje wai ta zo ya saya mata alawa.

"Zan mayar da shi," Mai Aski ya ce, muryarsa ta dushe. "Ke kin san shi. Ki faɗa min, ni in ja. Hancin, ya fi haka tsawo ko?"

Amarya ta matso kusa da talabijin. Ta ce e, ya fi tsawo. Ya ja. Ta ce a'a, ya yi yawa, ya mayar. Ta ce idon ya ƙara buɗe shi. Ya buɗe, sai wani baƙo ya fito yana kallonsu, wanda babu cikinsu da ya taɓa gani. Suka gwada girar, ta hagu, sannan ta dama, kowacce aka ɗaga sai ta zama ta wani. Ta kai yatsa ta taɓa gilashin, ta daɗe a haka.

"Yaya, ban sani ba," ta ce, hawaye na zubo mata. "Wallahi ina jin muryarsa, ina jin dariyarsa, amma in na rufe ido fuskar ba ta tsayawa. Shi ya sa na zo. Na ɗauka tana wurinka."

Baƙin ciki da kunya suka rufe shi. Akwatin ya tambaya ko a ɗora wannan a kan na da, karo na farko ya danna a'a, fuskar nan mai kama da tasa ta dawo tana juyawa.

Suka ji muryar yarinyar a bakin ƙofa. Amarya ta goge ido da sauri da gefen mayafi, ta durƙusa ta riƙe kafaɗunta.

"Ba Baffa ba ne, Babanki ne," ta ce. "Kama suke yi sosai, ai wa da ƙane ne."

Ta ɗaga waya ta ɗauka. Aka saka wasa, lamba tara ya karɓi ƙwallo ya ci, ya ruga kusurwa ya buɗe hannuwa, yarinyar na tsalle tana tafi. Ita ce mutum ta farko da ta yi murnar ƙwallonsa tun da ya rasu. Da za su tafi, Amarya ta tsaya a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Kada ka ƙara taɓa shi, Yaya. Bar mata wannan ɗin."

Bai ƙara taɓawa ba. Yana nan a shagonsa har yanzu, yana aski, yana yi wa sababbin 'yan benci fuska a sabon akwati, kan mutum a gabansa. Gardamar na da da na yanzu ba ta mutu ba, Direba na nan da ra'ayinsa a kan masu shafa gilashi. Sai dai da sassafen ƙarshen mako ba ya zuwa da wuri, kuma in yana aske kansa, sauri yake yi.

Lokaci-lokaci Amarya takan kira a waya, irin kiran da ake ganin juna, don yarinyar ta gaida Baffanta. Takan gaishe shi, ta ba shi labarin makaranta, sannan ta matso da fuskarta kusa da gilashin.

"Baffa, ɗan juya gefe in ga Babana."

Shi kuma sai ya kashe kilifa, ya ce wa mutumin da ke kujera ya yi haƙuri, ya juya mata kansa a hankali.